Shuɗi da Makuba

Likitan ido bai ɓoye mini komai ba. Ya ce ciwon suga ya riga ya yi ɓarna a can cikin idon, na hagu ya tafi, na dama kuma yana bin sawunsa, magani sai dai ya rage masa sauri. Yana faɗa yana rubutu, ko ɗago kai bai yi ba. Ƙawata Agnes ce ta raka ni ranar, ita ce kuma ta yi kukan, tun daga bakin asibiti har Keke ya sauke mu a Wunti, gaban rumfar da take sayar da zaren saƙa. Ni ban yi kuka ba, abin da ke raina daban ne. Na kama hannunta na ce ta yi mini alkawari maganar nan ba za ta isa gidanmu a Ƙofar Ran ba.

"Maman Khairat, yarinya naki nas ne fa," in ji Agnes da irin tata Hausar. "Yaya za ki ɓoye wa nas ciwo?"

Na ce ta bar ni da wannan, ita dai ta kama bakinta.

Agnes kaɗai ke kirana da sunan nan. Mai sunan 'yata ce ta fari, ita kaɗai kuma Allah ya bar mini, amma a gidanmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yabonsa, ba ta zama ta ƙura masa ido. Haka na tarar, haka na yi. Shekara talatin ina ce mata "ke", idan da mutane in ce "yarinyar nan". Ita kuma tana ce mini Adda, yadda ta ji ƙannena suna faɗa tun tana rarrafe.

Dalilin ɓoyon kuwa, yarinyar nan ta samu aikin asibiti a Ingila, ana shirin tafiyarta ƙarshen damina. Wannan ne karo na biyu. A karo na farko mahaifinta, Malam Nu'uman, ya faɗi da shanyewar ɓarin jiki, ta ajiye tafiyar ta zauna tana juya shi tana ba shi abinci a baki har ya cika. Ina kallo sa'o'inta suka watse, wannan ta tafi, waccan ta yi aure, ita tana tsakanin asibiti da ɗakin mara lafiya. Da aka sake kiranta, da kunnena na ji tana gaya wa Bappa Hammajoda, yayan mahaifinta kuma babban gidan, cewa idan Adda ba ta da lafiya babu inda za ta. Ba ta san ina bayan labule ba. Na san halinta, abin da ta faɗa shi za ta yi, kuma babu mai kiran mutum sau uku.

To yaya ake nuna wa nas cewa ido lafiya lau yake? Saƙar kayan sanyin jarirai, wadda da ita nake cin abinci, ba ta zama shaida ba. Duk gidan an san ina saƙa hula da safa ina hira ina kallon wani wajen, hannuna ya haddace. Sai na tuna da saƙa mai ruɓi biyu, wadda Agnes ta koyo wajen zumuntar matan cocinsu ta koya mini shekarun baya, na yi sau biyu na watsar don cin ranta.

Wannan saƙar ba ta da baya. Zare biyu ake riƙewa, launi biyu, a kan kibiyoyin saƙa guda biyu, kowane zarge na gaba yana da abokinsa na ɗaya fuskar, tare ake tafiya da su. Inda kika sa ja a nan, shuɗi ne ya tafi can. Idan kin zana ganye ja a kan shuɗi, kina juyawa za ki tarar da ganye shuɗi a kan ja, babu zaren da ke lilo, babu ƙullin da za a ɓoye. Kuskure ma haka, idan kin yi shi a gaba yana jiran ki a ɗaya fuskar. Kowa ya san aikin mai ido ne, yarinyar nan ma ta sani, don ta sha jin ina tsinewa saƙar. Na ce zan yi mata gyalen wuya da ita, tunda an ce sanyin ƙasar ba ya jin magana.

Na so fari da shuɗi, don fari har yanzu yana yi mini magana daga nesa. Sai yarinyar nan ta ce fari ba ya jure datti, a sa makuba. Shuɗi mai duhu da makuba! A idona na yanzu uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Na buɗe baki zan yi musu, na ga babu dalilin da zan kawo wanda ba zai tona ni ba, na ce to.

Agnes ta zaɓo mini zaren da hannunta, ta zuba ƙarin dunƙule huɗu a leda, biyu na kowane launi, ta ce gara ya yi saura da ya yanke. Ni kuma na tsara aikina. Shuɗi yana cikin tsohuwar samira a damana, makuba yana cikin kwando a haguna. Shuɗi a kan manuniya, makuba a kan yatsan tsakiya, ba sa sauka sai zan yi alwala, kuma ko na tashi na san yadda na ajiye su. Zanen da na zaɓa ganyen zogale ne, reshe siriri da ƙananan ganye dama da hagu, irin na bishiyar da ke tsakar gidanmu. Na haddace shi layi-layi kamar karatun allo.

Akwai wani sirri a saƙar da ya taimake ni. Duk inda launi bai canja ba, ruɓin biyu ba sa haɗuwa, idan kin tsunkula za ki ji sun rabu kamar aljihu. Inda zaren suka yi musayar wuri kuwa, a nan suke kama juna. Saboda haka ko ban gani ba, yatsuna suna bin gefen kowane ganye su gaya mini ko ya zauna daidai. Da safe nake zama a bakin ƙofar ɗakina inda rana ke faɗowa, ina yi ina lalubawa. Ranar Juma'a in hau Keke in kai wa Agnes ta duba. Sau da yawa ta ce in warware layi biyu ko uku, in warware ina zaginta tana dariya. Gyalen ya yi ta tsawo, har ya fara taruwa a cinyata.

Matan gida suna wucewa suna yabawa. Bilkisu, matar Bappa, ta ce, "Ni'ima, ke dai idonki na mikiya ne." Na ji daɗin maganar har cikin raina, don yarinyar nan tana kusa tana ji.

Gyalen ya wuce rabi da kyau sai mahaifiyar Agnes ta rasu a Bogoro. Ta rufe rumfa ta tafi, ta ce sai an gama duk abin da ake yi za ta dawo, kuma nasu zaman makokin ba gajere ba ne. Ban damu sosai ba. Hannuna ya riga ya kama hanya, kuskuren ya ragu, na ce ai saura kaɗan.

Sai wata safiya zaren ya ƙare, duka biyun kusan tare, don a wannan saƙar tare suke cinyewa. Na jawo ledar Agnes. Dunƙule huɗu, taushinsu ɗaya, nauyinsu ɗaya, takardar da aka naɗe su da ita iri ɗaya. Na ɗauko biyu na ɗaga su wajen haske, na karkata kai yadda idon dama zai samu. Duhu biyu na gani. Na sauya ɗaya, na sake ɗagawa. Na ga kamar na hannun hagu ya fi ja-ja.

Yarinyar nan tana tsakar gida a lokacin, tana shanya fararen kayan aikinta a igiya, taku kaɗan tsakaninmu. Kalma uku ce kawai: wanne ne makuba? Amma wadda ta tambayi wannan ta gama faɗin komai.

"Adda, me kike dubawa?" ta ce.

"Ina duba ko asu ya taɓa shi," na ce. "Ke yi abin da ke gabanki."

Na jefa ɗaya a samira, ɗaya a kwando, na ƙulla su da na da, na ci gaba.

Daga ranar ta ɗauki wata sabuwar ɗabi'a. Idan ta dawo daga aiki sai ta jawo kujera 'yar tsugunne ta zauna kusa da ni, abin da ba ta taɓa yi ba tunda ta yi wayo. Ba ta cewa komai, ina jin numfashinta. Kunya ta kama ni, tsoro ma ya kama ni, na riƙa korar ta. "Ke ba ki da kayan haɗawa ne? Tashi ki ba ni iska." Ta tashi, gobe ta dawo. Ni kuwa sai na ƙara sauri, ina musayar zare da yatsu a gabanta kamar mai wasa, don ta ga Addarta ba ta tsufa ba. Ina tsunkular ganyen ina jin su, kowanne ya zauna a wurinsa, ban taɓa saƙa mai tsabta irin ta kwanakin nan ba.

A kwanakin ne kuma ta hana gidan sakat. Ta sa aka ɗauke turmin da ke hanyar banɗaki aka kai bayan kicin. Ta kira mai gini ya cike ramin da ke bakin rijiya, ramin da muka shekara goma muna tsallakewa. Ta ɗaura roba a wuyan kwalbar maganina na safe, ta ce don kada ya haɗu da na dare. Ta shiga ɗakin Bilkisu suka daɗe suna ƙus-ƙus. Na ce a raina, aikin asibiti ya mai da yarinyar nan uwar iyayi, ta tafi ma mu huta.

Na gama ana jibi tafiyarta. Na rufe bakin gyalen, na wanke shi da ruwan ɗumi, na shimfiɗa shi a inuwa ya bushe.

Ranar tafiya gida ya cika. Bayan an karya kumallo ta shigo ɗakina ta durƙusa, Bilkisu da wasu mata suna tsaye a bakin ƙofa. Na so in naɗa mata shi a wuya da hannuna, amma da idon mutane, sai na tura mata shi a leda da gefen ƙafa, na ce, "Ga wannan, ko zai yi amfani." Ta zare shi. Ina jin yadda take jan sa cikin tafin hannunta tun daga farko, a hankali, har ta kai ƙarshe. A nan ta tsaya, ta daɗe. Matan bakin ƙofa babu wadda ta ce uffan, na ɗauka kyansa ne ya kashe musu baki.

"Adda," ta ce, "ganyen ƙarshen nan sun fi fita."

"Tashi kada mota ta tafi ta bar ki," na ce. "Allah ya tsare. Ki riƙe salla."

Ban raka ta tasha ba, uwa ba ta raka ɗan fari. Na zauna ina jin ƙarar akwatinta a kan dakalin zaure, da muryar Bappa yana faɗa da mai Keke. Da gidan ya yi shiru na shiga ɗaki na rufe ƙofa na yi kukan da na hana kaina tun ranar likita. Amma cikin kukan akwai wani abu mai kama da alfahari. Na ce na yi nasara, na rufe wa nas ido, 'yata ta tafi da zuciya ɗaya.

Da wannan na rayu makonni. Ta isa lafiya, tana kira, ta turo hoto a waya, matan gida suka karɓa suna kallo suna cewa ta yi fari. Ni na riƙe wayar na ce ma sha Allah na miƙa musu.

Da na ji Agnes ta dawo, na shirya na tafi yi mata gaisuwa. Na ɗauki ledar da sauran dunƙule biyun, don ina so in yi wa yarinyar nan hula da za ta shiga da gyalen, ina so Agnes ta ƙirga mini zargen farawa. Muka gaisa, na yi mata ta'aziyya, ta ba ni labarin jana'iza da rigimar 'yan'uwa a kan gona. Wunti tana ta hayaniyarta, masu babur suna ta hon. Sannan na zazzage ledar a kan teburinta na ce ga shuɗi ga makuba, hula nake so.

Agnes ta ɗauki dunƙulen biyu ta juya su a hannunta.

"Maman Khairat," ta ce, "wannan duka biyu makuba ne."

Na ce ta sake dubawa. Ta ce babu abin dubawa, ita ta sayar mini, biyu-biyu ta zuba. Idan makuba biyu suna nan, to shuɗi biyun suna ina?

Na riga na san inda suke. Na lalubi benci na zauna. Na ciro wayar na miƙa mata na ce ta nemo hoton, ta gaya mini abin da ta gani, kuma idan ta yi mini ƙarya ban yafe ba.

Ta daɗe tana kallo. Ta ce yarinyar tana tsaye a gaban wani gini, da babbar riga, gyalen a wuyanta, bakinsa biyu sun sauko a ƙirji. Ɗaya yana da ganye, makuba a kan shuɗi, ya yi kyau ƙwarai. Ɗayan kuwa shuɗi ne zalla tun daga kafaɗa har ƙasa, babu ganye ko ɗaya.

Kwana da kwanaki ina musayar shuɗi da shuɗi. Ina ƙirga layi, ina karkata reshe, ina tsunkula ina jin daɗi, ita kuma tana zaune a gefena a kan kujera 'yar tsugunne tana kallon hannuna. Turmin da aka ɗauke ya dawo mini, da ramin bakin rijiya, da robar wuyan kwalba, da shirun matan bakin ƙofa. Duk gidan sun gani. Ni kaɗai ce ban gani ba, ina ta yi musu wasan yatsu kamar mahaukaciya.

"Ta sani ke nan," na ce.

"Ya sani," in ji Agnes. "Tun ranar da kin ɗauki zaren ya sani."

Ta sani, kuma ta tafi. Wannan nake ta juyawa a raina a cikin Keke har Ƙofar Ran. Abin da na roƙi Allah ke nan, da bakina, a kowace sujada. Na samu. To me ya sa nake jin kamar an yashe ni a bakin hanya? Na ji haushinta, na ji haushin kaina da nake jin haushinta. Da ta zauna da na tsine wa idon nan har in mutu. Da ta tafi ba ta sani ba da na riƙe alfaharina. Yanzu ba ni da ko ɗaya. Ta ga yadda nake son ta tafi har na zama abin tausayi, ta ɗauki ƙaryata ta riƙe mini ita, ta ce ganyen ƙarshe sun fi fita.

Bayan la'asar yarinyar nan ta kira. Muka gaisa, ta tambayi suga, ta tambayi Bappa. Ta ce sanyi ya fara, gyalen yana aiki, abokan aikinta suna tambayar inda ta saya.

Na ce, "Ki riƙa cusa gefen da babu ganye cikin riga."

Sai na ji ta ja hanci.

"Ba na cusa shi, Adda," ta ce. "Ganyen suna nan. Da yatsa ana jin su."

Sunanta ya zo mini har kan harshe. Shekara talatin yana nan a ajiye, na buɗe baki, ya ƙi fita. Abin da ya fito shi ne, "To, Allah ya yi albarka." Ta ce hutunta na farko sai baɗi war haka, za ta zo. Na ce Allah ya kai mu. Ban gaya mata likita ya ce na dama da wuya ya kai baɗi ba, ita ma ba ta tambaya ba, nas ce.

Da ta kashe, na fita bakin ƙofa inda sauran rana take, na kira Bilkisu ta buɗe mini hoton, na ce ta je abinta. Babu kowa a tsakar gidan, babu wanda zan ji kunya. Lokacin da nake da ido biyu lafiyayyu ban taɓa zama na kalli fuskar yarinyar nan son raina ba, kullum a sace, kullum ta gefe, ina cewa akwai lokaci. Na kawo wayar dab da idon dama, na karkata kai, na buɗe shi iyakar ƙarfina. Na ga duhu-duhu mai tsawo, wannan gyalen ne. A samansa akwai wani haske mai zagaye, babu ido, babu hanci, babu baki. Na riƙe shi a haka har gilashin wayar ya mutu.

Washegari na hau Keke na koma Wunti. Agnes ta ce hular ce? Na ce a'a. Na miƙa mata wayar na zauna a benci, na ce ta gaya mini kamannin 'yata, ta fara daga goshi, kada ta yi sauri.